Wata Shida a Bakin Aiki: Ɗaliban Kimiyya da Farautar Gurbin Koyo

Duk shekara, da zarar 'yan aji uku na tsangayar kimiyya sun gama jarrabawar zangon farko, akwai wata takarda da ke fara yawo cikin gari. Tambarin jami'a a samanta, sa hannun jami'i a ƙasanta, a tsakiya kuma roƙo ne cikin ladabi: ga ɗalibinmu, a taimaka a ba shi gurbin wata shida ya koyi aiki. Ɗalibi zai buga kwafi da yawa ya zuba a jaka, ya shiga bin ƙofofi, daga asibiti zuwa hukumar ruwa, daga kamfanin lemo zuwa ma'aikatar muhalli. Amsoshin da yake samu ba su da yawa, har yakan haddace su. "Mun cika." "Oga ba ya nan, ka dawo Litinin." "Bar ta wurin maigadi, za a kira ka." Shi da maigadin duk sun san ba wanda zai kira.

Sunan shirin a hukumance SIWES, ɗalibai kuwa IT suke ce masa. Mai karanta kimiyyar sinadarai, ko nazarin ƙananan halittu, ko fiziks, ko ilimin ma'adinai, ko kwamfuta, a mafi yawan jami'o'in Najeriya ba ya samun digiri sai ya yi shi. Ga da yawa daga cikinsu, wannan wata shidan ne kaɗai damar da za su samu cikin shekara huɗu su taɓa na'urar da suka sha zanawa a takardar jarrabawa. Amma ɓangaren karatun da ya kai wannan muhimmanci, shi ne aka bar wa sa'a da sanayya.

Shirin da aka ɗora kan masana'antu

A 1971, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, kuɗin mai ya fara shigowa, ga kuma dokar 1972 da za ta mayar da kamfanoni da dama hannun 'yan ƙasa tana tafe. Masu kamfanoni suna ta ƙorafin cewa yaran da ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma hannunsu bai san aiki ba. Wannan giɓin ne ITF ya so toshewa da ya ƙirƙiro SIWES a 1973. Dabarar ta riga ta tsufa a wasu ƙasashe, don tun 1906 Jami'ar Cincinnati da ke Amurka ta fara raba lokacin ɗalibanta na injiniya tsakanin aji da masana'anta.

Da farko ITF ne ya ɗauki nauyin komai, har nauyin ya fi ƙarfinsa ya janye a 1978. A 1979 gwamnatin tarayya ta miƙa shirin ga Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, da takwararta ta makarantun fasaha, NBTE. A ƙarshen 1984 aka sake mayar wa ITF da shi, gwamnati na ba da kuɗin. Tsarin da ake kai ke nan har yau: jami'a ta tura ɗalibi, wurin aiki ya koya masa, ITF ya sa ido ya kuma biya alawus.

To amma a dubi ƙasar da aka tsara wa wannan. A 1973 jami'o'i shida ne a duk Najeriya, a Arewa kuwa ɗaya tak, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Kakuri cikin Kaduna masaƙu suna aiki dare da rana: KTL da aka buɗe tun 1957, ga Arewa Textiles, ga UNTL, ga Nortex. Masaƙa ba ta rabuwa da masanin sinadarai, saboda rini da wankin zare da gwajin ingancin yadi duk aikinsa ne. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. A Kano, Bompai da Sharaɗa da Chalawa cike suke da kamfanonin man gyaɗa, da sabulu, da alewa, da roba, da jimar fata. Ɗalibai kaɗan ne, wuraren da za su je suna da yawa.

Yanzu lissafin ya juye. Jami'o'i sun haura 250, ban da makarantun fasaha da kwalejojin ilimi waɗanda su ma ɗalibansu a wannan layin suke. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007, matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace mai, kuma duk wanda ya ratsa Sharaɗa ko Bompai zai ga yawan gine-ginen da suka koma sito. Masana'antun da aka ɗora shirin a kansu sun tafi, shirin ya rage da takardunsa.

Ina suke zuwa?

Kada a ce Arewa ba ta da inda ake kimiyya ta gaske. A Zariya kaɗai akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da ta kiwon dabbobi a Shika, da ta fata, da kuma Cibiyar Binciken Makamashi inda ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike ta fara aiki a 2004. A Vom kusa da Jos ana haɗa rigakafin dabbobi a cibiyar da aka kafa tun 1924. Kaduna na da cibiyar binciken cutar sammore da ta albarkatun ruwa a Mando, Maiduguri na da ta Tafkin Chadi, Badeggi na da ta hatsi. Ga kamfanonin siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Ɗalibin da ya dace da ɗaya daga cikin waɗannan, ya kuma faɗa hannun mutumin kirki, yakan dawo makaranta da kansa a buɗe.

Matsalar ita ce kowa can yake so, kuma ɗakin gwajin da zai iya koya wa mutum biyar da kyau ba zai iya koya wa arba'in ba. Sai a raba su rukuni-rukuni, a ce wasu su zo Litinin da Laraba, wasu Talata da Alhamis. Idan an zo babbar na'ura, sai a ce kowa ya ja baya ya kalla, kada a taɓa. Masu wurin ma suna da hujja: na'urar ta ci miliyoyi, idan ta lalace sai an jira injiniya daga Legas ko ma ƙasar waje, sinadaran da take ci kuma da dala ake saye. Saboda haka ɗalibi yakan gama wata shida ya ga yadda ake yi sau ashirin, bai yi ko sau ɗaya ba.

Sauran, wato mafi yawa, sukan gangara ɗakunan gwajin asibiti. A nan akwai wani abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai da wuri ba. Dokar 2003 da ta kafa majalisar kula da masu kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ta keɓe wannan aikin ga waɗanda suka karanta shi suka kuma yi rajista. Wanda ya karanta bayokemistiri ko nazarin ƙananan halittu a tsangayar kimiyya zai iya shafe wata shida yana gwajin zazzaɓin cizon sauro da rukunin jini, ya iya sosai, amma digirinsa ba zai ba shi lasisin zama a wannan kujerar ba. Ba a ce abin da ya koya asara ba ne. Ya san tsafta, ya san yadda ake riƙe samfuri, ya san madubin ƙara girma. Amma an horar da shi a sana'ar da doka ta rufe masa ƙofarta, alhali sana'o'in da ke jiransa, irin su gwajin ingancin abinci da ruwa da magani da ƙasar noma, bai leƙa su ba.

Wane ne ke samun gurbi mai kyau? Ɗalibai da kansu sun ba da amsa: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wanda kawunsa darakta ne, waya ɗaya ta isa. Wanda mahaifinsa manomi ne a ƙauye, kuma ba shi da inda zai sauka a Abuja ko Legas, sai ya nemi abin da ke kusa da gida, ko da sakatariyar ƙaramar hukuma ce inda zai yini yana jera fayil. Ɗalibai mata abin ya fi matse su. Iyaye da yawa ba za su yarda 'yarsu ta tafi wani gari ita kaɗai na wata shida ba, kuma da yanayin hanyoyinmu na 'yan shekarun nan da wuya a ga laifinsu. Sai ka ga yarinyar da ta fi kowa maki a ajinta ta ƙare a ɗan ɗakin gwajin unguwa mai na'ura biyu.

Abin da hannu ke koya

Ga wanda bai taɓa shiga ba, yana da kyau a bayyana abin da ake nufi da koyon aiki a kimiyya, don ba wani babban sirri ba ne. A ɗauki matatar ruwan sha, wurin da ɗalibai da yawa ke rainawa saboda ba kwandishan, ba alawus.

Ruwan kogi yana shigowa da laka. Kafin a tace shi sai an zuba alam, wanda ke sa ƙananan ƙwayoyin lakar su dunƙule su nutse. Tambayar kowace safiya ita ce alam nawa. In ya yi kaɗan ruwa ba zai washe ba, in ya yi yawa an yi asarar kuɗi an kuma ƙara wa ruwan tsami. Littafi ba zai ba da amsa ba, domin ruwan da kogi ya kawo bayan ruwan saman daren jiya daban yake da na watan Maris. Sai a jera kofunan gilashi shida, a cika su da ɗanyen ruwan ranar, a sa wa kowanne alam gwargwado daban, a kaɗa da sauri, a rage gudu, a bari ya kwanta, sannan a auna a ga wanne ya fi washewa da mafi ƙarancin alam. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya ce gurɓacewar ruwa da laka kada ta wuce 5 a sikelin NTU. Bayan nan sai sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake so aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita ya rage a ruwan har ya isa bakin famfo. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa kullum na wata uku ya fahimci darasin da aka yi masa a allo a aji biyu, fahimtar da ba za ta bar shi ba. Ya kuma ga cewa lambar da ya rubuta a takarda ita ce za ta shiga tulun mutane.

Sauran ƙwarewar ma irin wannan ce, ƙanana amma su ne aikin. Sanin cewa na'urar auna tsami ba a yarda da ita sai an daidaita ta da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7 da 10. Sanin cewa tukunyar kashe ƙwayoyin cuta sai ta kai digiri 121 ta tsaya minti 15, kuma ba a buɗe ta da gaggawa. Rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalba kafin a zuba komai. Maimaita gwaji idan sakamakon ya zo da mamaki, maimakon gyara lambar ta yi daidai da abin da ake tsammani. Wannan na ƙarshen shi ne mafi wuya, domin a ɗakunan gwajin makaranta, inda mutum goma sha biyar ke kewaye da kayan aiki ɗaya, ɗalibai sun saba su kwafi sakamakon 'yan bara.

Masu koyar da waɗannan abubuwa galibi ba masu manyan digiri ba ne. Ma'aikatan ɗakin gwaji ne, da yawansu masu babbar difloma, waɗanda suka yi shekara ashirin a kan benci ɗaya har suna gane na'ura ta fara ciwo daga ƙararta. Ɗan jami'a yakan zo da ɗan girman kai, yana ganin shi mai digiri ne nan gaba. Wanda ya yi wayo ya sauke kai, ya gaida su da safe, ya wanke kwalabe ba tare da an sa shi ba, shi ne wata rana za a ce masa, "Zo nan ɗana, yau kai za ka yi." Abin takaici, ba abin da tsarin ya tanadar wa wannan ma'aikacin. Ba a biyan sa ladan koyarwa, ba a tambayar sa ra'ayi, sau da yawa ma ba shi ke sa hannu a littafin ɗalibin ba, shugaban sashen da bai san fuskar yaron ba ne.

Kuma ƙasar na buƙatar waɗannan hannaye. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma sai da gwajin jini da na ƙasa ya nuna inda matsalar take. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Gyaɗa da masararmu na fama da gubar fumfuna, majemun Chalawa na fitar da ruwa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam. Kowanne daga cikin waɗannan aiki ne na mutumin da ya iya ɗaukar samfuri ya auna, ya kuma tsaya kan abin da ya gani.

Littafi da alawus

Ana ba kowane ɗalibi littafin rahoton aiki, logbuk a bakinsu, ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi ya sa hannu duk mako. Malami daga jami'a ya kamata ya ziyarce shi, jami'in ITF ma haka. In ya dawo sai ya rubuta rahoto ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A takarda tsari ne mai kyau.

A zahiri kowa ya san yadda ake yi. Akwai masu cika littafin wata shida a dare biyu, suna sauya biro don kada a gane. Akwai shagunan buga takardu a bakin ƙofar jami'o'i da ke ajiye da tsofaffin rahotanni, a sauya suna da shekara kawai. Malamin da aka ba ɗalibai masu yawa warwatse a jihohi uku, kuɗin tafiyar kuma bai fito ba, yakan kira su waya su same shi wuri ɗaya da littattafansu. Ba duka ne ke haka ba, amma ya yi yawan da ba wanda ke mamaki. Asalin lahanin shi ne littafin zuwa yake aunawa, ba iyawa ba. Shafi cike da "an nuna mana" yana samun maki ɗaya da shafin da ke cewa "na yi".

Batun kuɗi kuwa gajere ne. Shekara da shekaru alawus ɗin ɗalibi naira 2,500 ne a wata, wato 15,000 na wata shida, kuma yakan zo ne bayan an gama, wani lokaci har an kammala karatun. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan alawus ɗin na wata guda ba ya kai ɗalibi wurin aiki ya dawo da shi na mako ɗaya a babban gari. Ɗalibin da ke zuwa sau biyu a mako ba lallai malalaci ba ne, wataƙila kuɗin Adaidaita ne ya ƙare. Alhali doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu a asusun ITF don horo. Sai kuma yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk lokacin da jami'a ke hanzarin cike giɓin kalanda, watannin IT ne ake fara yankewa.

'Yan kwamfuta sun ɗan fi sauƙi, saboda kayan aikinsu na shiga jaka. Cibiyoyin fasahar zamani a Kaduna da Jos da Kano suna karɓar su, wasu ma ta intanet suke yi wa kamfani aiki daga gida. Mai lissafi da mai ƙididdiga su ne marayun shirin, ba a san inda za a kai su ba, sai a tura su koyarwa a sakandare, duk da cewa kowane asibiti da kowace ma'aikata na zaune kan tarin alƙaluman da ba wanda ya taɓa tsefewa.

Ƙananan wurare

Ni dai a ganina kuskuren da jami'o'i da ɗalibai suka yi tarayya a kai shi ne jiran manyan kamfanoni. Kakuri ba za ta dawo gobe ba. Abin da ke akwai yanzu shi ne injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, da kamfanonin fiya wata a kowace unguwa, da masu yin yogot, da gidajen burodi, da masu haɗa abincin kaji, da masu takin zamani, da masu kafa sola. Ba su da suna, amma suna da matsalolin kimiyya na gaske. Mai casar shinkafa yana buƙatar ya san damshin shinkafarsa ya sauka kusa da kashi 14 cikin ɗari, in ba haka ba ta karye a inji ko ta yi fumfuna a buhu. Mai yogot yana son sanin dalilin da ya sa na jiya ya yi tsami da wuri. Mai fiya wata ba zai samu lambar hukumar NAFDAC ba sai da shaidar gwajin ruwansa.

Irin waɗannan wurare ba su da mai koyarwa, kuma a nan aikin sashen jami'a yake. Sabon kundin manhaja da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta bisa buƙatun yankinta, don haka ba za a ce hannu a ɗaure yake ba. Sashe zai iya ajiye jerin wuraren da ya je ya duba da kansa, ya daina sakin yara da takarda su nemi na kansu. Zai iya haɗa ɗalibai uku da injin casa ɗaya, su ɗebo samfuri can su auna a ɗakin gwajin jami'a ƙarƙashin malami, mai injin ya samu sakamako kyauta, su kuma su samu batun binciken ajinsu na ƙarshe. Zai iya ba ɗalibi jerin ayyuka goma da dole ya iya kafin ya dawo, wanda ya koya masa da hannu ya sa hannu a gaban kowanne.

Ranar kare rahoto kuma, a rage kallon hotunan ɗalibi sanye da farar riga a gaban na'ura. A kai shi ɗakin gwaji, a ajiye masa kwalbar ruwan rijiya da kayan aiki, a ba shi minti arba'in ya faɗi tsamin ruwan da taurinsa, malamai na zaune suna kallo.